Lamba Bakwai Yana Ciki

Shekarar da ƙungiyar manoman ƙauyenmu ta kafa dogon ƙarfen intanet a bayan sitonta, ni aka ɗora wa kula da shi. Ba wai na fi kowa sani ba ne, ni kaɗai dai aka taɓa gani da kwamfuta a jaka, kuma a garinmu wannan ya isa shaida. Ƙauyen yana can ciki bayan Ƙarfi, inda kafin zuwan ƙarfen, in kana son sabis sai ka hau tudun bayan gari ka ɗaga waya sama kana juyi. Ni kuwa a Malumfashi nake zaune da iyalina, ina koyarwa a wata sakandare. Tsakanina da gida tafiyar minti ashirin da biyar ce a babur, in hanya ta ga dama.

A gindin ƙarfen, cikin wani ɗan ɗaki mai sola a ka, akwai akwatin da ke tsaron ƙofa. Duk wanda aka yi wa rajista yana da lambarsa da kalmar sirrinsa. In ya sa su daidai a wayarsa, akwatin ya tantance shi ya bar shi ya shiga. In ya kuskure ko harafi ɗaya ne, ya bar shi a waje komai girman rawaninsa. Aikina shi ne in buɗe wani shafi a kwamfutata daga Malumfashi, in ga waɗanda ke ciki a daidai wannan lokacin. Kowa da layinsa: lambarsa, ƙarfe nawa ya shiga, awa nawa ya yi, data nawa ya sha. A ƙarshen kowane layi kuma akwai wani ɗan jan maɓalli. Da na danna shi, mai layin zai tsinci kansa a waje, sai ya sake sa kalmar sirri kafin ya dawo.

Da farko da sunaye na so in yi rajistar, akwatin ya ƙi. Ba ya karɓar suna ɗaya sau biyu, mu kuwa a garinmu in ka tsaya a ƙofar masallaci ka kira suna ɗaya, mutum goma za su waiwayo. Sai na koma lamba. Shugaban ƙungiya, wani Alhaji mai son a riƙa tunawa shi ne shugaba, ya ɗauki ɗaya. Liman biyu, mai unguwa uku, haka aka bi manya har aka zo kan mahaifina, ya sami bakwai. Da na kai masa 'yar takardarsa, ya juya ta gaba da baya, ya dubi ƙanwarsa da ke tankaɗe a tsakar gida ya ce, “Ashe a garin nan akwai mutum shida da suka riga ni fara noma.”

Ya kamata in faɗi yadda muke da Baba. Ni ne ɗan fari, shi kuma mutumin da ne, irin waɗanda suka riƙe kara da kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. “Wannan” nake, in ransa ya yi daɗi kuma “malamin nan”. Ba ya haɗa ido da ni, ba ya kuma yi mini magana kai tsaye muddin akwai wanda zai bi ta kansa. Tun rasuwar mahaifiyata, Gwaggo ce ke wannan aiki, ƙanwarsa da ta dawo gida bayan mijinta ya rasu. Ina durƙushe a gabansa, gwiwata har tana taɓa tabarmarsa, zai ce, “Ki tambayi wannan ko masara ta motsa a Funtua.” Gwaggo ta ce, “Ga ka ga shi, ni 'yar aike ce?” Ni kuma in ba garu amsa.

Duk da haka, tun ranar da na tare a Malumfashi ban fasa zuwa gaishe shi ba. Da an sallame asuba gari ya ɗan waye, in tayar da babur, in isa, in tuɓe takalmi, in durƙusa in ce, “Baba, kun tashi lafiya?” Ya ce “Lafiya,” yana kallon wani wuri. Gwaggo ta kawo koko kofi biyu, da ƙosai in an samu, mu sha shiru, in koma kafin a kaɗa ƙararrawar makaranta. Duka-duka zaman ba ya wuce minti goma. A waya kuwa ba ya ɗaukar kirana. Ya taɓa gaya wa Gwaggo, ina zaune, cewa ɗan da ke son gaisuwa Allah ya ba shi ƙafa. Wayar tasa ta sauraren karatu ce da jin farashin hatsi, iyakarta ke nan.

Akwatin nan mutum arba'in yake iya ɗauka a lokaci guda, mu kuwa mun yi wa sama da ɗari rajista. Yawan bai dame ni kamar halin mutanen ba. Akwai wurin da mutum zai danna ya fita in ya gama. Na nuna, na sake nunawa, na zana a bangon sito da gawayi. A banza. Mutanenmu sun iya shiga, ba su iya fita ba. Mutum zai gama kallon abin da zai kalla, ya jefa waya a aljihu, ya saɓa fartanya ya yi gona, ya yi nisan da sabis ba ya kaiwa, akwatin kuwa bai san ya tafi ba tunda bai yi sallama ba. Sai lambarsa ta yi ta rataye a shafin kamar rigar da aka manta a igiyar shanya, ta tare wa wani wuri. Saboda haka kowace safiya, in na dawo daga gaisuwa, sai na yi shara. In bi layi-layi, wanda na ga datarsa ta daɗe ba ta motsa ba, in danna masa ja.

Da na gaji, na kafa wa akwatin doka: duk wanda ya yi rabin awa bai taɓa komai ba, ya fitar da shi da kansa. Kwana biyu dokar ta yi lafiya. Ran na uku liman ya ajiye waya ya yi alwala, ya ja azahar, ya tsaya raba wata rigimar iyakar gona, ya dawo ya tarar an kore shi, takardar kalmar sirrinsa kuma ta tafi wanki a aljihun riga. Kafin la'asar magana ta zaga gari, wai ɗan gidan wane ya kori liman. Aka kira ni taro a gindin darbejiyar ƙofar sito. Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe, cewa na'ura ce, ba ta san babba ba.

Alhaji shugaba ya gyara zama ya ce, “To ai shi ya sa aka sa ka, Malam. Kai da ka san babba, sai ka koya mata.”

Na dawo raina a ɓace, don ina da saurin fushi, kuma na tsani a yi mini dariya cikin taro. Amma na koya mata. Lamba ɗaya zuwa goma na cire su daga dokar gaba ɗaya. Wayoyinsu ma na saita musu, duk lokacin da suka kunna intanet su shige da kansu ba sai sun sa kalmar sirri ba. Su in sun shiga sun shiga, ko shekara za su yi ba motsi akwatin ba zai taɓa su ba, sai dai in ni na danna da hannuna. Ni kuwa wane ni. Na liman na riga na ɗanɗana, lamba bakwai kuma ko a mafarki ban ga yatsana a kan jan maɓallinsa ba.

Ba a jima ba mutane suka gano wa shafin wani amfani da ko waɗanda suka ƙera akwatin ba su yi tunaninsa ba. Tunda sabis ɗin iyakarsa cikin gari da bakin fadama, duk wanda ke shan data yanzu-yanzu, to yana gari. Sai kira ya fara shigo mini. “Malam, duba mini ko maigidan ya dawo, in ɗora tukunya.” Ko kuma, “Malam, ashirin da shida yana nan? Ya ce mana ya tafi Danja sayo irin tumatir, ga shi muna gayya ba shi.” Na duba, na ga ashirin da shida yana zuƙar data ba ƙaƙƙautawa, na ce su leƙa bayan rumbunsa. Aka leƙa, aka same shi a kishingiɗe yana kallon dambe. Har yau in mun haɗu da mutumin nan gaisuwarsa a taƙaice take.

Kaina ya yi girma, ba zan ɓoye ba. Ina zaune a ɗakin malamai a Malumfashi, amma na san wanda ya yi sammako da wanda ya makara a ƙauyenmu. Wani mai shago da ya ce a taro aikina danne-danne ne kawai, na bar shi sai da kallon ƙwallo ya yi masa daɗi na danna masa ja. Ya dawo na sake, har sau uku, sannan na je na yi alwala na nemi gafara. A gari aka fara cewa babu abin da ke ɓuyar mini. Ban musa ba, don daɗin maganar nake ji.

Damina ta yi tsakiya, ana ta maimai, wato noma na biyu, a gonaki, a makaranta kuma jarrabawa ta taso, takardu sun taru mini har kan gado. Wata safiya aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na tsaya a bakin ƙofa da makullin babur a hannu, ina tunanin laka da mashigin rafin da ke gab da garinmu. Sai na koma ciki na buɗe kwamfuta. Ga lamba bakwai nan, yana ciki. Na ji hankalina ya kwanta, na ce ai Baba ya tashi, ga shi har ya kunna karatu. Cikin wasa na ɗan rusuna wa allon na ce, “Baba, kun tashi lafiya?” Shirun da allon ya yi bai bambanta sosai da amsar da na saba samu ba.

Washegari ba a yi ruwa ba, amma na makara. Na duba, bakwai yana ciki. Rana ta uku babur ya ƙi tashi da wuri. Daga nan ban ma ƙara wahalar neman dalili ba. In tashi, in yi salla, in buɗe shafi, in fara da duba bakwai, in yi shara, in sha shayi, in tafi makaranta a natse. Kullum ina cewa ranar Asabar zan je in yini. Asabar ta farko ta zo da takardun jarrabawa, ta biyu ta zo da ɗaurin auren wani abokin aiki a Dayi.

Matata ce ta fara magana. “Malam, kwana biyu ban ga ka je gida ba. Baba lafiya dai ko?”

“Lafiyarsa ƙalau,” na ce, na juyo mata da kwamfutar. “Ga shi nan. Kin gani? Shi ne ma a saman kowa.”

Shafin yana jera mutane ne bisa daɗewarsu a ciki, bakwai kuwa ya wuce liman, ya wuce shugaba, ya haye can sama ya zauna. Ta dubi layin, ta dube ni, ta ce, “Ni dai lamba na gani.” Na ce mata ba ta fahimci harkar ba ne. Har alfahari na yi a ɗakin malamai, cewa duk dattawan garinmu babu wanda ya rungumi zamani irin mahaifina, ko yaushe ka duba yana kan intanet.

Abin da nake dubawa a layin kowa kafin in danna masa ja, wato ko datarsa tana motsi, ban taɓa duba shi a layin bakwai ba. Me zan duba, tunda ba korarsa zan yi ba? Idona iyakarsa lambar, da na gan ta sai in wuce.

Asabar ta uku aka buɗe rajistar taki ta intanet, kowa a gari yana son shiga lokaci guda. Tun hantsi akwatin ya cika. Alhaji shugaba ya kira ni yana huci, ga hayaniyar mutane a bayansa.

“Malam, a rage mana mutane, ga layi nan har bakin hanya.”

“Alhaji, na share duk na sharewa. Saura manya, su kuwa ku kuka ce kada a taɓa.”

“To ka cire na babanka mana. Wurin me yake tarewa, wayar da ta mutu tun ranar da ya faɗi?”

Na ce, “Wace faɗuwa?”

 Ya sassauta murya ya ce, “Au. Wai ba ka sani ba?”

Na kai ido layin bakwai, wannan karon har ƙarshensa. Kwana goma sha tara da shiga. Datar kuwa 'yar kaɗan ce, irin ta safiya ɗaya, ta tsaya cak tun ranar. Alhaji ya ba ni labarin a gaggauce. Ran da aka yi babban ruwan nan, da ya tsagaita, Baba ya hau kekensa ya fita. Santsi ya kwashe keken a mashigin rafi, ƙafa ta karye, waya ta faɗa ruwa. An kira mai ɗori ya ɗaure, yana kwance a gida tun lokacin.

Fushina ya taso, don shi ne ya fi kusa. “Haba Alhaji! Duk garin nan a rasa mai gaya mini? Kullum sai an kira ni sau goma ana tambayar miji!”

“Wa zai gaya maka, Malam, kai da kake ganin kowa? Mun ɗauka ka sani, wani uzuri ne ya riƙe ka. Nauyin tambayarka muke ji.”

Wato kwana goma sha tara gari yana kallona a matsayin ɗan da ya san ubansa ya karye ya ƙi zuwa, kuma suna rufa mini asiri. Na kai yatsa kan jan maɓallin bakwai don in sama wa Alhaji wuri, na kasa. Na danna wa mai unguwa, na rufe kwamfuta na cusa a jaka. Ban san yadda na tuƙa babur ɗin nan ba, na dai san na tsallake mashigin ba tare da na kalli duwatsunsa ba.

Na tarar da Gwaggo a tsakar gida tana wanke-wanke. Ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa.

“Lale da baƙo. Daga wace ƙasa?”

Na durƙusa na gaishe ta. Ta nuna mini akuyar gidan da cokali. “Ka ga yadda ta yi ƙiba? Kokonka ne a jikinta. Kullum sai ya ce in dama kofi biyu, wai shi yunwa ke damunsa. Ya sha ɗaya, ya bar ɗaya ya huce.”

“Gwaggo, me ya hana ki aika mini?”

“Cewa ya yi ran da na aika in tattara kayana. Ina za ni da tsufana?” Ta waiga wajen ɗakin, ta rage murya. “Ce wa mutane ya yi gona za shi ran nan. Kai dai ka san inda gonarsa take.”

Na sani. Gonar Baba tana gabas da gari. Mashigin kuwa yana can ɗaya ɓangaren, kan hanyar Malumfashi, hanyar da nake biyowa kowace safiya. Ya ga ruwa ya yi yawa, ya ga lokacina ya wuce ban iso ba, ya hau keke ya je duba ko rafi ya tare ni, a daidai lokacin da nake rusuna wa kwamfuta. Kunyar da ta kama ni ban taɓa jin irinta ba. Na miƙe na shiga ɗakin Baba.

Yana kishingiɗe a kan tabarma, ƙafar ɗaure da karare da tsumma, ya ɗan rame, rediyonsa a gefe. Na tuɓe takalmi na durƙusa inda na saba.

“Baba, kun tashi lafiya? Ya jikin?”

Ya dubi ƙofa, inda Gwaggo ta tsaya tana goge hannu da zane. “Ki tambayi baƙon nan ko wani yake nema.”

Da na yi shiru da ya fi. Amma bakina ya riga ni. “Wallahi Baba, kullum ina duba ku. Kowace safiya ina ganinku a ciki.”

Ya nuna wa Gwaggo wata ƙwarya a kusurwar ɗaki. Ta miƙo masa. Gero ne a ciki. Ya tura hannu ya tono wayarsa, wadda aka binne tun ranar da nufin ta bushe, ya hure mata ƙura, ya ajiye ta a kan tabarma tsakanina da shi.

“Ki tambaye shi, wannan yake gaisarwa?”

Gwaggo ta ce, “Wai wannan kake gaisarwa?”

“Ki tambaye shi, tana amsawa?”

Gwaggo ta fashe da dariya har da riƙe ƙofa. Na so in taya ta, sai hawaye suka zo maimakon dariyar. Baba ya juya fuska wajen garu, ya shiga murɗa rediyon da ba a kunne yake ba, har sai da na share ido.

Da na natsu na ciro kwamfuta, na buɗe shafin, na juya masa. Na nuna masa layinsa a saman kowa. Na ce, “Baba, wannan ne ya ruɗe ni. Ni na hana akwatin ya taɓa ku, don girmanku. Sai ya yi ta riƙe ku a ciki bayan kun daɗe da fita.” Ya kalli allon ta gefen ido, ya daɗe yana kallo.

“Ki ce masa ya kore shi.”

Na danna. Layin ya ɓace, nan take wata lamba daga masu jiran rajistar taki ta faɗo cikin wurin.

Washegari da sassafe na kawo masa tsohuwar wayata. Kafin in taho na riga na shiga akwatin na cire bakwai daga sahun manyan da ba a taɓawa. Ban mayar da shi cikin dokar rabin awa ba, tasa na yi masa shi kaɗai: kowace asuba zamansa ya ƙare, akwatin ya rufe masa ƙofa, sai an sake sa kalmar sirri. Na sa masa ta ranar, na miƙa masa da hannu biyu, na ce, “Baba, daga yau abin nan kullum da asuba zai kulle, sai an sake buɗewa.”

Ya dubi Gwaggo. “Kin ji wata sabuwar wahala. To ni da idon nan, wa zai riƙa buɗe mini?”

“A koya mini mana,” in ji Gwaggo. “Harafi nawa ne duka?”

“Ke ki tsaya a kokonki.”

Haka muka koma. In iso, in durƙusa, in gaishe shi, ya amsa wa garu, sannan ya turo wayar ta kan tabarma da bayan hannu kamar ba shi ya turo ba. In sa lamba da kalmar sirri, in mayar masa, mu sha koko. Ƙafar ta warke, sai ɗan ɗingishi in an yi sanyi. Akuya ta koma yadda take. Masu kirana a duba musu mutum ba su daina ba, amma amsata ta canja. Nakan ce, “Lambarsa dai tana ciki, shi kuwa sai ki leƙa.” Wasu sun ce ilimin nawa ne ya ragu.

Da damina ta zagayo, aka sake yin irin wancan ruwa, har ya fi. Na fita duk da haka, na isa mashigi na tarar rafi ya cika ya batse, masu babura sun yi cirko-cirko a bakinsa, babu mai gangancin shiga. Na juyo gida a guje jiƙe sharkaf, don na san wanda zai iya hawa keke ya nufo wancan bakin. Na buɗe kwamfuta da nufin in ga wa ke ciki cikin maƙwabtansa, in roƙa a je a tare shi. Bakwai ba ya nan, kamar yadda ya kamata, tunda mai buɗe masa yana Malumfashi yana ɗigar ruwa.

Ina cikin bin layukan, sai wani sabo ya faɗo a ƙasa. Lamba bakwai. Ya shiga yanzu-yanzu.

Ban gama mamaki ba wayata ta yi ƙara. Tun da aka haife ni Baba bai taɓa kirana ba. Na ɗauka, na sami kaina a durƙushe a tsakar ɗaki.

“Baba, kun tashi lafiya?”

“Lafiya.” Ya yi gyaran murya. “Gwaggonka ce ta ce a tambaya ko ruwa ya tare hanya.”

Daga can nesa na jiyo muryar Gwaggo: “Ni ban ce komai ba!”

Na ce, “Ya tare, Baba. Na je har mashigi na dawo. Ina gida.”

“To.”

Ya kashe. Ina kallon allon, layin bakwai ya ɓace, ba kuma ni na danna ba. Ya bi wurin fitar nan da na zana da gawayi a bangon sito, wanda duk garin ba mai bi, ya fita da kansa. Ashe duk watannin nan da yake kallon garu, babban yatsana yake kallo.

Washegari ruwa ya janye. Na isa, na tuɓe takalmi, na durƙusa na gaishe shi. Gwaggo ta ajiye kofi biyu tana cije leɓe don kada dariya ta kubce mata. Baba ya turo wayar ta kan tabarma da bayan hannu.

“Ki gaya wa malamin nan abin ya sake kullewa. Ni ban san kan kayansu ba.”

Na ɗauka da hannu biyu. Na sa bakwai, na shiga danna haruffan ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ba wanda ke sauri a cikinmu.